In Kin Zama Gama-gari, Ki Dawo Gida

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, a makarantar ungozoma ta Yamai.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, ya sa ruwan Yamai ya karɓe ki, ya tsare ki daga ciwo da mugun abokin zama da mugun baki. Innarki tana gaishe ki, Baffanki Buba yana gaishe ki. Mu duka lafiya muke, dabbobi ma haka.

Ba zan tsaya ba ki labarin gida ba, babu abin da ya sake tun tafiyarki. Mushe Mamman, malamin lakwal, makarantar bokonku, shi ne yake rubuta mini wannan takarda, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana, ya sa ta yadda ta fito daga bakina ko da ta karkace.

Tun ranar da motarku ta tashi daga tashar Dogon Dutsi na kasa zama wuri ɗaya. In na je gona sai in ji kamar ana nemana a gida, in na iso gida sai in tsaya tsakar gida in rasa abin da na zo yi. Innarki ta ce kewa ce. Da kewar, ban musa ba. Amma abin da ya fi damuna wata magana ce da kika yi ana gobe za ki tafi.

Kin tuna, da la'asar, innarki tana tankaɗe tana yi miki faɗa, tana cewa kada karatu ya sa ki manta daka da tatsar nono. Kika ce, "Inna, ni ba gama-gari ba ce. Ba zan ƙare ina bin wutsiyar saniya kamar wasu ba." Yayanki yana nan bayan rumbu yana ɗaure maraƙi. Ya ji, na ga hannunsa ya tsaya a kan igiya, sa'an nan ya ci gaba da ƙullinsa. Da safe shi ya ɗora akwatinki a jaki, ya bi yashi da shi tun daga gida har tasha.

Ni kuwa da kika faɗi maganar, dariya na yi. Daɗi ta yi mini. Dariyar nan ce take hana ni zama, domin maganar da kika yi tawa ce, a bakina kika same ta. Bari in gaya miki inda ta kai ni.

Kin taso kin gan ni da ɗingishin tsufa da hauya a kafaɗa, kin ji ana cewa babanki ya taɓa yin kokawa. Ba ki san ƙarshenta ba, don ni na hana a yi zancen a gidana. Mu biyu mahaifinmu ya bari, Yaya Buba da ni, ya bar mana shanu muka raba. Yaya irin mutumin nan ne da in an tashi daga suna aka tambaya ko ya zo, sai a rasa mai tunawa. Ba dogo ba gajere, ba ya da murya, ba ya da riga ta biyu da za a ce ta fita ce. Ni kuwa Allah ya ba ni ƙirji da tsawo. Tun ina saurayi, in kaka ta yi aka kai hatsi rumbu aka buɗe filin kokawa, ƙauyukanmu kaf babu mai kai ni ƙasa. Wani makaɗi, Arzika, ya raɗa mini suna Gawon Fadama. Ranar da na fara jin ganga tana faɗin sunan nan, sai na ji kamar sauran mutanen duniya an yi su ne don su zo su tsaya su kalle ni.

Daga nan na fara raba mutane gida biyu, masu suna da gama-gari. A bakina kalmar zagi ce. Zanen da kowace mace ke ɗaurawa, gama-gari. Tuwon da ake ci kullum, gama-gari. Yaya Buba ma haka na kira shi, a gaban abokaina kuma.

Wata rana Arzika ya yi mini kirari a kasuwar Gesheme har mutane suka bar ciniki suka kewaye mu. Na ce masa ya biyo ni gida, na shiga garke na kama karsana na ba shi. Yaya yana tsaye da sandarsa. Da makaɗin ya tafi sai ya ce, "Hammadi, waccan ɗiyar jar saniyar Baba ce. Uwarta ba ta taɓa ƙafewa da rani ba."

Na ce, "Kai abin da ka sani ke nan, Yaya. Wa ya taɓa jin sunanka bayan rijiyar garin nan?"

Ya ce, "Babu kowa."

Ya koma wurin shanunsa. Ni kuma ban tsaya a karsana ɗaya ba. Makaɗa suka ci, wani ɗan bori da ya ce mini aljana Doguwa tana tsaye a bayana shi ma ya ci baƙin bunsuru da bijimi. Layu da guraye suka yi mini yawa har nauyinsu nake ji in ina tafiya.

Ga abu na farko da nake so ki riƙe. Duk wanda zai yabe ki har ki ji na kusa da ke sun yi miki ƙanƙanta, ki duba hannunsa, ki ga abin da zai fita da shi daga gidanki. Yanzu da Nasara ya sauke tutarsa muka ɗaga tamu, masu yabo sun yi yawa a ƙasar nan. Kowa yana neman wanda zai zama babba gobe ya raɓe shi tun yau. Za su same ki, don yarinya mai takarda ba ta da yawa. Ki gaishe su da ladabi, ki wuce.

Shekarar da aka haifi yayanki, aka yi babbar kokawa a Dogon Dutsi, kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, shi ma ya fito da kujerarsa. Na kayar da waɗanda na zo dominsu, masu makaɗa da suna irina. Rana ta yi sanyi, ina zagaya fili ina neman wanda ya rage, sai wani mutum ya fito daga cikin 'yan kallo yana naɗe wando. Gajere ne, ya girme ni, babu laya ko ɗaya a jikinsa, babu mai yi masa kiɗa. Aka ce daga wajen Tibiri yake, tabarmi ya kawo kasuwa, mutanen garinsu ne suka turo shi don ba su da kowa a fili. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Ban ma tsuguna yadda ake tsugunawa ba, na miƙa hannu in kama wuyansa kamar mai ɗaukar tulu. Ban san yadda ya shige ƙarƙashina ba. Na dai ga sama, na ji bayana a yashi.

Gangar Arzika ta yi shiru. Kafin in tashi zaune, na ji ta tashi kuma, tana bin mai tabarmi. Shi kuwa ya karkaɗe wandonsa, ya koma wurin kayansa. Har yau ban san sunansa ba, ban kuma ji ya sake shiga fili ba.

Kaye ba wani abu ba ne, Rakiya. Babu ɗan kokawar da bai taɓa shan ƙasa ba, kuma yawancinsu wanka suke yi su dawo baɗi. Ni na kasa. Hanyar gida tana arewa, na bi ta kudu. Na tarar da fatake masu zuwa Kurmi sayen goro, na bi su ina kora musu jakuna, ban aika gida da ko kalma ɗaya ba. Innarki tana da jariri a baya, tsohuwata tana raye, na bar su don kada in shiga gari a dube ni a ce ashe shi ma kamar kowa yake.

A Kumasi na zama ɗan dako. Mu da yawa ne daga ƙasashen arewa, muna kwana a zango, da safe mu tsaya bakin kasuwa. Matan kasuwar ba su san sunan kowa a cikinmu ba, ba su kuma nema ba. "Kaya" kawai suke kira, wanda ya fi kusa ya ruga. Ƙirjin da ake yi wa kiɗa ya koma ɗaukar buhun doya. Da farko na ɗauka baƙin ciki zai kashe ni. Bai kashe ni ba. Na ci abinci ya yi mini daɗi, na yi barci, na yi abokai, mun yi dariya. Akwai wani Bazabarme da muke raba ɗaki, da na ba shi labarin Gawon Fadama sai ya ce, "To, madalla. Gobe dai ka riga ni tashi ka kama mana wuri." A can na fara gane cewa mutum yana iya rayuwa babu wanda ya san shi, kuma rana ta fito ta faɗi lafiya lau. Na gane da kaina, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Bayan damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, wani falke ɗan Gesheme ya gan ni da kaya a kai ya gane ni. Ya ja ni gefe ya ce tsohuwata ta ba duk mai zuwa Kurmi saƙo ɗaya, ko Allah zai sa wani ya gamu da ni. Na ce mene ne saƙon. Ya ce, "Ta ce a gaya maka ita ba ta ga kokawar ba. Ka taho gida."

Na ce masa in ya koma ya ce ina nan tafe, sai dai ina so in haɗa 'yan kaya tukuna. Abin da ke raina shi ne in shiga gari da babbar riga da laima da akwatin ƙarfe, a ce Hammadi ya je Kurmi ya yi arziki, a manta da mai tabarmi. Ina cikin haɗa kayan falken ya sake dawowa. Bai ma ƙarasa gaisuwa ba na gane a fuskarsa. Tsohuwata ta rasu da bazara, Yaya Buba ne ya haƙa kabarinta.

Mushe ya ajiye alƙalami a nan ya ce in sha ruwa. Na sha. Mu ci gaba.

Na dawo da rigar da laimar da akwatin. Na shigo gari da hantsi don kowa ya gani. Mutane suna gona. Na tarar da Yaya a bakin rijiya yana shayar da shanu, da wani yaro a gefensa riƙe da kwarya. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi laimar, ya ce, "Ka taho? Sannu da hanya. Riƙe mini igiyar nan, hannuna ya gaji." Na ajiye laima na kama guga da babbar rigata. Yaron ya ɓuya a bayan Yaya yana leƙena. Yayanki ne. A hannun Buba ya tashi, tafiyarsa ya ɗauka da shirunsa da yadda yake riƙe sanda. 'Yan shanun da na bari Yaya ya haɗa da nasa ya kiwata, sun hayayyafa, ya ware mini su. Hatsin da innarki ta ci duk shekarun nan daga rumbunsa ya fito.

Kin san abin da na ji a ranar? Haushi na ji, don babu wanda ya tambaye ni labarin Kumasi. Godiyar da ta kamata in yi masa a bakin rijiyar nan ban yi ba, na ce sai an natsu. Ga shi mun tsufa tare, kullum muna gaisawa, ban yi ba har yanzu.

Don haka ki dubi waɗanda ba a kiran sunansu, ki san su wa ke riƙe da ke. Takalmin da kika tafi da shi, yayanki ne ya sayar da ɗan tunkiyarsa ya saya, ya ba innarki ya ce ta ce ita ta saya. Ba na faɗa miki don ki ji kunya ba, na faɗa don ki sani. Ki aiko masa da gaisuwa tasa shi kaɗai, da sunansa a kai, Mushe zai karanta masa. Kada ki ce sai kin dawo hutu. Irin maganar nan in ta kwana nauyi take ƙarawa, ni na sani.

Aikin da za ki koya ma ki dube shi da kyau. Haihuwa ita ce abin da ya fi kowane abu zama gama-gari a duniya, kowa ta nan ya zo. Matan da za su zo hannunki irin innarki ne, da warin hayaƙi da na nono a zanensu, ba su jin Faransanci, wasu ma Hausar ba ta ishe su ba sai Fillanci. Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu asibiti na ga yadda wani mai farar riga yake daka mata tsawa da yaren da ba ta ji, ita tana durƙushe tana ba shi haƙuri ba ta san laifinta ba. Ɗan ƙauye ne kamarta, na san mahaifinsa. Kada farar riga ta yi miki haka. Ki tambayi mace sunanta kafin ki taɓa ta.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar faɗa don bai tsufa ba. Shekarar da mutanen sarki suka zo neman yaran da za a sa lakwal, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu da cikin garke, ni na kamo hannunki na miƙa. Yau ana cewa na yi hangen nesa. Ƙarya ce, ban hango komai ba. So nake a ce Hammadi dabam yake da sauran mutane. Allah ya sa abin ya zame miki alheri, kanki ya ɗauki karatu. Duk lokacin da Mushe ya ce kin zo ta ɗaya sai in ɗauki sandata in tafi kasuwa ba da niyyar sayen komai ba. Da aka ce an ɗauke ki makarantar Yamai, na bi rumfa rumfa ina cewa ɗiyata za ta zama babbar likita. Mushe ya ce mini, "Malam Hammadi, ungozoma ce fa." Na ce ya bar ni, duk ɗaya ne. Na mayar da ke ganga, ina kaɗa sunana da ke. Ramin da na faɗa a Dogon Dutsi shi na haƙa miki da bakina, na kuma tsaya a tasha ina ɗaga miki hannu.

A nan ke kaɗai ce yarinya mai takarda. A Yamai za ki tarar da 'yan mata daga Damagaram da Tawa da Maraɗi, kowace ita kaɗai ce a garinsu, wasu 'ya'yan ma'aikata ne da suka tashi da Faransanci a baki. Mai yiwuwa ki zo ta ɗaya a can ma. Mai yiwuwa ki tsinci kanki a tsakiya, inda malami ba ya riƙe sunan mutum. In haka ta faru kada ki ɗauka wani abu ya lalace. Ki yi karatunki, ki ci abincinki, ki yi ƙawaye. Tsakiya wuri ne, yawancin bayin Allah a nan suke zaune, kuma suna kwana lafiya fiye da yadda na taɓa kwana.

Ranar kasuwar da ta wuce na je Sukukutane. Wani mahauci da na fi cika wa kunne da labarinki ya hango ni ya ɗaga murya, "Baban likita, ina labarin Yamai?" Rumfar cike take. Na tsaya, na ji bakina yana so ya ce lafiya lau, an ce ta fi kowa. Na haɗiye. Na ce, "Ungozoma ta je koyo, ba likita ba, ni na ƙara gishiri. In Allah ya ba ta sa'a ta gama. In bai ba ta ba ta dawo ɗakin uwarta." Ya dube ni ya yi dariya, wasu ma suka taya shi, wani ya ce yau Gawo ya sunkuya. Na dawo gida gumi yana bin bayana kamar na yi noma. Ba zan ce miki na ji daɗi ba. Har yanzu in na tuna dariyar sai in tashi tsaye. Amma kasuwa mai zuwa zan je Gesheme in faɗa musu haka, daga nan sai Dogon Dutsi, duk inda na kai waccan maganar sai na bi na kwashe ta, don hanyarki ta dawowa ta zama a share.

In jarrabawa ta kayar da ke, ko ciwo, ko kika ga aikin ya fi ƙarfinki, ko wani abin da ba ki iya faɗa a takarda ya same ki, kada ki tsaya neman abin da za ki rufe fuska da shi. Ki je tasha ki hau motar Dogon Dutsi. Ba sai kin aiko ba, ba sai kin riƙo komai a hannu ba. Ki iso da rana tsaka kowa yana gani, ni zan fito in ɗauki akwatin.

Allah ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, ya tsare mutuncinki da addininki. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga matan da za ki taɓa. Ya ba ki abin da zai amfane ki, ko mutane sun gani ko ba su gani ba. Ya raba ki da halina, ya bar ki da albarkata. Ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Mahaifinki,
Hammadi